Ranar da Dangi Suka Ga Ajiyar Yaya

Yayata tela ce, duk layin kuma da Mai Keke aka san ta. Shekara goma sha tara ta yi a shago ɗaya, mai ƙofar ƙarfe da sai an tokare ta da ƙafa kafin ta rufu. Keke biyu ne a ciki, da teburin yanka, da madubi mai tsaga a kusurwa, sai bencin da masu jiran kaya ke zama suna rantsuwa cewa gobe ne tafiyarsu. In ka shiga ka same ta da fil uku a baki, tef a wuya, ta amsa gaisuwarka da kai. Da wannan sana'ar ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, da ita ta kai ni koyon gyaran waya. Ni ne auta, ni ne kuma mai bakin gidan.

Raunin Yaya ɗaya ne: ba ta iya hana wanda ya san tana da shi. Danginmu kuwa Allah ya hore musu hanci. Wayarta ta yi ƙara da safe, saƙon banki ya shigo, kafin la'asar Goggo ta iso da labarin rufinta da ke yoyo. Yaya ta gwada ɓoye kuɗi a gwangwani ƙarƙashin ƙyallaye, aka gano. Duk abin da ta tara, wani ya riga ya sa masa suna.

Sai mai shagon, wani dattijo da ya gaji da haya, ya ce mata nan da shekara uku zai sayar, kuma ita zai fara yi wa tayi. Shagon nan shi ne abin da take so a duniya.

A lokacin tana da wasu mata da suka koma ƙasashen waje amma ba su yarda da hannun kowa ba sai nata. Ɗaya ta ce ko za ta karɓi kirifto, kuɗin nan da ke yawo ta intanet. Yaya ta zo rumfata da wayar a hannu. Ni na buɗe mata asusun, na nuna mata adireshinta, wani dogon jerin haruffa da lambobi da za ta riƙa tura wa masu biya.

Ta ce, "Auta, wa zai gani?"

Na ce, "Babu kowa, Yaya. Babu sunanki, babu hotonki, babu ma'aikacin da zai leƙa. Daga ke sai Allah."

Sau uku ta maimaita tambayar, sau uku na bugi ƙirji. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gaskiya ne babu suna a ciki, amma littafin a buɗe yake ga duniya: duk wanda ya riƙe adireshinka yana iya ganin abin da ya shiga, da abin da ya fita, da abin da ya rage. Na taɓa jin haka sama-sama, ban tsaya na fahimta ba, don na fi son a ce Auta ya iya.

Shekara biyu Yaya ta sha iska. Ba ta daina kyauta ba, sai dai yanzu ita ke zaɓar wanda za ta ba. Ta koyi cewa "sai dai gaba" ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Da Kawu ya zo neman na gyaran motarsa, wadda ta fi zama a gareji fiye da kan titi, ta ce masa ba hali. Har ƙiba ta yi. Wata rana na tarar da ita tana auna bangon shagon da tef, tana lissafin inda za ta fasa taga.

Sai idon Inna, mahaifiyarmu, ya rufe, likita ya ce aiki za a yi. Yaya ta biya kaso mafi tsoka a ɓoye, aka ce sauran dangi su haɗa ragowar. Ɗan Baffa da ke aiki a waje ya tambaya a guruf ɗin dangi na waya ta ina zai turo nasa da sauri. Ni sarkin azarɓaɓi, ban ko tambaye ta ba, na kwafi adireshin Yaya na manna a gaban mutum arba'in da wani abu.

Bawan Allah ya tura, sannan ya duba ko ya isa, ya ɗauki hoton shafin ya saka a guruf don a shaida. Ba da mugunta ya yi ba. Amma a saman hoton akwai jimillar duk abin da ke ciki.

Goggo ce ta tambaya, "Wannan lambar ta sama fa, ta mece ce?"

Wani ya fassara mata a kuɗinmu. Sai Kawu ya turo saƙon murya: "Ashe dai akwai halin. Mu ne ba mu kai ba."

Na ruga shago. Na ce mu buɗe sabon adireshi yanzu mu kwashe komai. Ta cire fil daga baki ta ce, "In mun kwashe, ba za su ga an kwashe ba?" Gaskiyarta, za su gani. Ta ce, "To bar shi. Abin da ido ya gani ya gani."

Daga nan benci ya daina zama na masu ɗinki. Wannan kuɗin makaranta, wancan jari, waccan haihuwa. Da ta ce na shago ne, sai a ce gini ya fi ɗan'uwa ke nan? Wasu har sun koyi duba shafin da kansu, suna zuwa da sanin abin da ya rage. Yaya ba ta jure a kira ta maƙaryaciya a gidan ubanta. Cikin wata biyar ajiyar ta narke.

Dattijon ya cika alkawari, ita ya fara yi wa tayi. Ta yi masa godiya, ta nemi sati biyu ta kwashe kaya. Ni na ɗauki kekunan zuwa barandar gidanta, inda take ɗinki yanzu, tana janye teburi duk lokacin da ruwa ya taso. Inna na gani tangaram, alhamdu lillahi, tana kuma yawan tambaya me ya sa 'yarta ta bar shago mai kyau haka. Ba wanda ya gaya mata.

Yaya ba ta taɓa yi min gori ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Watan jiya gilashin wayarta ya fashe, ta kawo min. Na canza, na ce ta faɗo lambar buɗewa in gwada, kamar yadda nake ce wa kowa. Ta miƙo hannu ta ce, "Kawo, Auta, in sa da kaina." Matar da ta goya ni ta juya min baya, ta kare wayar da mayafinta, sannan ta danna.