Mai Cuta Goma Sha Huɗu

Shekara talatin ya yi yana gyaran agogo a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene, gilashi maƙale a ido, har wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar. Sai 'yarsa ta nuna masa wani shafin intanet inda masu bincike ke neman waɗanda za su amsa tambayoyi kan lafiya da halayyar mutane, a ɗan ba su na shan ruwa.

To fa! Kafin wata biyu ya gano lagon abin: mai ƙoshin lafiya ba a cika ɗaukarsa ba. Daga nan bawan Allah ya shiga kwasar cututtuka. Ana neman masu rashin barci? Ga shi. Asma, ciwon suga, tsoron hawa jirgi, duk ya danna "eh" yana kurɓar shayi, mutumin da rabonsa da allura tun yana firamare! Maiɗakinsa ce ta laƙaba masa Asibiti. Kullum ya shigo sai ta ce, "Sannu da zuwa, Asibiti. Yau kuma wacce ta kama ka?" Ranar da ya ce mata ya shiga binciken mazan da matansu suka rasu, cewa ta yi, "Allah ya ji ƙaina," suka yi ta dariya har da hawaye.

Sai mantuwa ta fara kama ta. Yau makulli a firji, gobe murhu a kunne ba tukunya. Ran da ta tsaya a ƙofar gidansu tana tambayar maƙwabciya hanyar gida, ya tsorata ƙwarai. Likita ya rubuta magani, amma yadda ake zama da mai irin wannan ciwo, babu wanda ya koya masa.

Kwatsam sai ga bincike a shafin: ana neman masu jinyar mata ko miji mai ciwon mantuwa, wata ƙwararriya za ta riƙa koya musu ta bidiyo har wata shida. Ya ture kofin shayi, ya amsa tambaya arba'in, ko ɗaya bai ƙara wa gishiri ba. Wannan kam yana so da gaske.

Washegari amsa ta zo. Sun duba bayanansa na baya, sun ga matarsa ta rasu bara, don haka ba za su iya ɗaukarsa ba. Ya rubuta musu sau uku yana rantsuwa tana nan da ranta. Shiru.

Ya rufe shago tun da rana. Ya tarar da ita a falo, ranar kuwa ta gane shi.

"Asibiti! Yau wacce ta kama ka?"

"Yau lafiyata ƙalau, uwargida."

Ta ƙura masa ido, ta kama hannunsa.

"Kai dai, maigida, ba ka iya ƙarya ba."