Sunan Madam Sharlot a takardar gidan kek

Ban taɓa mantawa da ranar da mudira, wato manajar gidanmu, ta ce za ta goge sunan Sharlot daga takardar kayanmu ba. A 2016 ne, cikin zafi, kwana tara da rasuwar mai sunan.

A wani gidan kek na mata nake aiki a unguwar Al-Naseem da ke Riyad, muna yi wa gidajen biki kayan zaƙi. Lokacin ni mataimakiya ce, mai auna gari da fasa ƙwai. Shugabar kicin ita ce Madam Sharlot, 'yar Kwatano. Ni 'yar Maradi ce, Faransanci ya haɗa mu. Ita ta gaya mini yadda Faransawa suka baza sunanta. Hular da muke rufe gashi da ita a kicin, sharlot. Akwai wani irin dankali, sharlot. Akwai sarauniyoyi masu sunan.

"Ƙanwata, har a kanki nake zaune," in ji ta, tana gyara mini hula.

Akwai kuma kek mai sunan, wanda ita kaɗai ke yi. Ana jera dogayen biskit a tsaye jikin kwano, a cika tsakiya da kirim da 'ya'yan itace, a sa a firij, sannan a cire kwanon. Bayan rasuwarta sau biyu muka gwada, sau biyu ya zube.

Mudira ta kira ni ofis.

"Ya Hadiza, khalas, shi ke nan. Babu mai iyawa."

"Mudira, ki ba ni gobe."

"In ya zube fa?"

"Ki goge, ba zan ce komai ba."

Da safe na auna komai yadda take yi. Ina rufe firij sai na tuna: Madam takan ɗaure ɗankwali a hannun ƙofar, awa shida ba mai taɓawa. Mu muna ɗauka faɗa ne kawai. Ashe a zafin Riyad, duk buɗewa ɗaya kirim saki yake. Na ɗaure nawa.

Rabi, abokiyar aikina 'yar Damagaram, ta zo ɗaukar bota.

"Yaya Hadiza, Madam ce ta hau kanki?"

"Ita ce. Je ki ɗaya firij ɗin."

Bayan la'asar na ɗaga kwanon a gaban mudira. Kek ɗin ya tsaya. Ta yanka, ta ci. Sannan ta ce, "Biyu nake so ranar Alhamis."

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya ke nan: rabin ilimin sana'ar nan a cikin hanin manya yake. In babba ta hana ki abu, ki tambaye ta dalili tun tana da rai. Shekara biyar na yi a gefen matar nan, ban taɓa tambayarta ba.