Injin Ne Ya Kama

Delbert Tull a bakin ruwan Chesapeake ya tsufa, kuma da ƙugiya ɗaya tal ya saba kama wani babban kifi mai ratsi-ratsi. Yakan soka ƙaguwa a ƙugiyar ya jefa, ya yi tsit har sai ya ji cizon kifin ta zaren da ke yatsansa. Da gwiwoyi suka gaza, sai Wade, mijin 'yarsa, ya ɗauke shi aiki a jirginsa mai kai 'yan birni kamun kifi.

Nan ya gamu da abin da suke kira laima: ƙarafa a baje kamar ƙashin laima, an rataya musu kifayen roba masu ƙugiya birjik. A zura ta cikin ruwa, jirgi ya yi ta ja, baƙi na zaune suna kwankwaɗar giya. Babban kifi ya zaci garken ƙanana ne, ya kai cafka, shi ke nan. Delbert ko taɓa ta ya yi, sai ya goge hannu a wando.

Ran nan wani mai tumbi ya jawo kifin da jan jirgi ya riga ya galabaitar, ya ɗaga shi yana haki.

"Baba, ka ga dambe? Ɗauke mu hoto!"

Delbert ya tofar da yawu. "Dambe da wa, ɗana? Matsa kusa da injin in ɗauke ku tare. Shi ya kama."

Wade ya galla masa harara. Delbert ya karɓi kifin ya sa cikin ƙanƙara, ya rufe masa ido da tsumma, don kada ya ga a hannun wa ya mutu.