Wai Sanyi Ne Ya Shige Ta

Ranar sunan ƙanina, damina ta biyu da fara yaƙin basasa, hayaƙin gidanmu na bayan Dala in ka hango shi daga Ƙofar Kabuga sai ka rantse gobara ake yi. Ba girki ba ne, ruwan wankan jegon Ummanmu ne a wuta. Baba yana fagen daga, mulkin gida yana hannun uwarsa, Iya, tsohuwar da in ta daka tsawa kazar maƙwabta ma sai ta fasa yin ƙwai.

Ruwan nan, wallahi da shi za a fige toron agwagwa. Safe da yamma Iya ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa wa Umma, ta ɗura mata kunun kanwa, ta kwantar da ita a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Mu muna tsakar gida muna 'yar gala-gala, muna jin Umma tana haɗiye kuka, don kuka abin kunya ne. Ni har tsokana nake: "Iya, in ta dahu ki ajiye min cinya." Ta jefo ni da mafici.

Sai ƙafafun Umma suka kumbura, numfashi ya gagare ta a kwance. Iya ta duba ta ce, "Sanyi ne ya shige ta. A ƙara itace."

Matan lungunmu suna da zaman kaɗi a gidan Goggo Asabe mai ƙosai. Can, ana murza mazari, suka tuna masu jegon da suka yi wa wankan gawa da irin wannan kumburin. Suka yafo mayafai suka shigo gaba ɗaya. Goggo Asabe ta sheƙa wa murhun ruwa, ta ce, "Iya, ki gafarce mu, yarinyar nan ba ganda ba ce." A amalanke suka tura Umma asibiti, inda ma'aikatan suka ragu tun da rikici ya kori na Kudu. Aka ce zuciya ce, kuma an makara.

Daga ranar, ba a sake yin jego a lungunmu ba sai ɗaya daga cikin matan nan ta fara tsoma gwiwar hannu a ruwan ta ji zafinsa. Iya ce ta fi kowa zuwa gwada ruwan, ba ta kuma sake daka wa kowa tsawa ba.

Yanzu 'ya'yana a asibiti suke haihuwa, su yi wanka da ruwa mai ɗumi suna latsa waya, har da ƙorafi. Ina yi musu tsiya, amma a raina hassada ce. Na girmi Umma yanzu da nisa.