Safar Hannun Iya Mai Guga

Iya Mai Guga ta shiga kamfanin ɗinkin riguna tana da goyon fari, ga shi yau yaron har ya ajiye gemu. Tururi ya dafe mata fuska, tsayuwa ta kumbura mata ƙafafu, amma bakinta bai mutu ba. Shi ya sa da matan kamfanin suka kafa ƙungiya, ita suka tura gaba. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: a daina garƙame ƙofar baya da kwaɗo, a bar mace ta zaga bayi ba sai ta roƙi izini ba.

A bakin titi aka ba ta amsa. Wata yamma an tashi daga aiki, wasu ƙarti a kan babur suka tare ta, suka danne hannunta na dama a kan kwalbati, suka sa masa ƙarfe. Yatsun suka warke a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ba a kama ko ƙuda ba. Ta koma guga da hagu.

Ana haka gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙasashen da ke sayen rigunan. Kaya za su shiga can ba haraji, da sharaɗin ba mai taɓa 'yan ƙungiya. Aka ce baƙi na tafe su gani da idonsu.

Sai ga fenti a kamfani, sai ga fanka, kwaɗon ƙofa ya yi ɓatan dabo. Masu guga aka raba musu safar hannu fara ƙal, mai kauri, abin da suka shekara suna roƙo. Manaja da kansa ya kawo wa Iya tata.

"Iyata ta kaina! Sa mu gani. Kin ga yadda ta rufe komai?"

"Ta rufe maka dai, ɗan nan."

Ya rage murya. "Baƙin nan suka ga abin da bai yi musu ba, ciniki ya tashi. Sai ki san abin da za ki gaya wa matan nan."

Mai Maɓalli, aminiyarta da suke cin abinci a kwano ɗaya, ta riƙe mata zani. "Yaya, ki rufa mana asiri. Marayu gare ni."

Iya ta sa safar. Tana guga tana tunani: in yau ba a gani ba, gobe hannun wa za a ɗora a kan kwalbati?

Baƙi suka iso. Da babbarsu, wata mace, ta miƙo hannu su gaisa, Iya ta sa haƙori ta fizge safar, ta miƙa mata yatsun. Fuskar baƙuwa ta sauya.

Iya ta dubi tafintan da kamfani ya ɗauko. "Gaya mata ƙarfe ne. A titi. Saboda ƙungiya."

Tafinta ya yi murmushi, ya yi ta zuba yarensu yana nuna injin matse kwalar riga. Baƙuwa ta girgiza kai don tausayi, ta je ta leƙa injin, ta ba da shawarar a yi masa murfi. Iya na ɗaga murya, aka ja baƙi zuwa shan shayi.

Motocinsu ba su gama fita daga get ba aka zagayo da buhu ana karɓe safa. Kwaɗo ya koma ƙofarsa. Iya kuwa aka sallame ta, wai ta karya dokar kare lafiya, ta cire safa a bakin aiki, a gaban baƙi. Da ta ratsa ɗakin za ta fita, Mai Maɓalli ta sunkuyar da kai kan allurarta.

Yarjejeniya ta zauna daram. An yi wa inji murfi, mai kyau kuwa.

Yanzu Iya na guga da dutsen gawayi a ƙofar ɗakinta, manyan motoci na wucewa shaƙe da riguna. Matan sun sake zama don zaɓen shugaba. Aka ce mai so ta ɗaga hannu. Kowacce ta tura nata ƙarƙashin mayafi.