Tekun Babayo

Babayo mai sayar da takin zamani a kasuwar Azare bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Jama'are faɗi ba. Amma tun yana yaro a Chinade yake mafarkin teku, ruwan nan da aka ce ido ba ya hango ɗaya gaɓarsa.

Da banki ya ba shi katin da ke tara maki, wanda kowace sayayya ke zama nisan tafiya a jirgin sama, sai ya riƙe shi kamar laya. Da shi yake sarin taki, da shi yake biya wa maƙwabta kuɗin makaranta su ba shi a hannu. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Alhaji Maki. In ya iso sai su ce, "Alhaji, jirgin ya tashi ko yana shan mai?" Murmushi kawai yake yi. Ya riga ya yi wa matarsa Zinatu alkawarin Zanzibar, za su tsoma ƙafa a teku tare.

Shi bai iya harkar waya ba, ɗan bappansa Bappayo ne ke duba masa makin. Su biyun sunan kakansu suka ci, Yunusa, kuma da yake ba a kiran sunan tsohon a gidan, aka sakaya: wannan Babayo, wancan Bappayo. A takarda kuwa mutum ɗaya ne, Yunusa Chinade.

Shekarar da makin ya isa, Zinatu ta ɗinka sabuwar atamfa. Babayo ya je gidan Bappayo a yanki tikiti, aka ce Bappayo ya tafi Zanzibar da amaryarsa. A wayar maƙwabcin shago ya ga hoton: su biyu, ruwa har gwiwa, shuɗi iyakar gani.

Da Bappayo ya dawo, har shago ya zo, a gaban jama'a ya dire gorar roba a kan buhun taki.

"Yaya, ga tsarabarka. Teku ce."

"Gumina ka hau, Bappayo."

"Sunana ne a jikin katin. Ko ka ga na canza harafi? Na Kaka ne ma, ni da kai duk aro muka yi."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Dattawan gida suka ce ba za a kai sunan marigayi gaban alƙali ba, Babayo ya yi haƙuri.

Ya kai gorar gida. Zinatu ba ta ko ɗago kai ba, tana ninke atamfar tana turawa ƙasan akwati. Babayo ya zauna a bakin ƙofa, ya buɗe murfin a hankali kamar mai buɗe turare. Ya rufe ido, ya ɗiga a harshe, yana jiran gishirin da ya yi shekaru yana jin labari.

Babu gishiri. Ruwan famfon Azare ne.