Lado Ɗan Dogo, Wanda Ya Yi Karatu Da Sunan Wani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 10 ga Yuli 1973, da hantsi, motar shanu ta kife a hanyar Paraku zuwa Jugu, kusa da Onklu, ta yi ajalin mutum huɗu. Ɗaya daga cikinsu kai ne, Lado ɗan Dogo, abokin karatunmu na shekara bakwai, kwana goma sha ɗaya bayan mun gama bakaloreya, jarrabawar ƙarshe ta sakandare. Mutanen ƙauyen suka yi maka sutura a ranar, Allah Ya saka musu da alheri. Washegari rediyo ta sanar cewa Badamasi Gaji ne ya rasu, domin sunan da jandarmomi suka gani ke nan a katin makarantar da ke aljihunka.

Ni Salihu Ibrahimu, shugaban ajin ƙarshe, ni aka ɗora wa rubuta wannan ta'aziyya. Mun shiga jarrabawa mu ashirin da uku, yau mu ashirin da biyu ne. 'Yan aji sun ce in faɗi duk abin da muka sani, kuma na san abin da faɗin zai iya ja mana.

A shekarar da ƙasa ta samu 'yanci aka bi manyan gidajen Jugu, ana neman yaro ɗaya daga kowane gida a sa shi lekol, wato makarantar boko. Alhaji Gaji, attajirin shanu da goro, bai yarda ɗansa ya yi karatun Nasara ba. Mahaifinka Dogo shi ke koro masa shanu daga Pelebina, kai kuma kana gidan ana riƙonka. Sai aka miƙa ka da takardar haihuwar ɗan gida, Badamasi. Gidaje da dama sun yi haka, ba wanda ya ɗauke shi abin magana. An zaci shekara biyu ko uku za a koro ka, ka koma bin shanu, takarda ta koma akwatin mai ita. Kai kuwa ka kama karatu ka ƙi saki, har ya kawo ka Paraku, ka same mu.

Mu da farko ba mu san komai ba. Abin da muka lura kawai, in ana kiran suna da safe sai an yi ɗan shiru kafin ka amsa, har muka laƙaba maka Mai Jinkiri. Ka kan yi dariya ka ce kunnen makiyayi kukan saniya ya fi ji. Ni da lissafi kamar wuta da auduga muke, kai ka zaunar da ni a gindin mangwaron bayan aji ka ce, "Salihu, lissafi kiwo ne. Ba waɗanda ke gabanka kake nema ba, wadda ta ɓace kake nema." Tun ranar na daina gudun darasin, ko da yake har yau ban ƙaunace shi ba. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Salamatu 'yar ajinmu wata biyu a aji na uku, kai ka riƙa kwafe darasi sau biyu, naka da nata, kana kai mata unguwar Ganu da ƙafa kowace Asabar. Ran Lahadi kana kasuwar shanu kana rubuta wa fatake wasiƙa, in sun ba ka goro ka kawo mana, don kai ba ka ci.

A aji na huɗu asiri ya fito. Wani dattijo dogo, da sanda da malfa, ya tsaya a ƙofar makaranta yana neman Lado. Mai gadi ya ce babu mai wannan suna, dattijon ya nace, mai gadi ya daka masa tsawa ya kore shi. Muna kallo ta taga, wasunmu har da dariya, Allah Ya yafe mana. Kai kana kan bencinka, ka sunkuyar da kai. Da aka tashi ka tara mu ka ce, "Wancan ubana ne. Da na fita, da an tambaye ni me ya sa yake kirana Lado." Ka bi shi kasuwa da yamma ka tarar sun riga sun kama hanya. Mahaifin naka bai ga damina ta gaba ba.

Tun ranar muka ɗauki sirrinka mu duka, kuma ba ƙaramin kaya ba ne. Dokar a fili take, wanda aka kama da takardar wani korarre ne, ba zai sake zama jarrabawa a ƙasar nan ba. Duk ranar da aka aiko kiranka daga biro, ofishin shugaban makaranta, ba mai samun sukuni a ajin sai ka dawo. In baƙo ya zo daga Jugu, sai ɗayanmu ya tare shi a ƙofa. Mun yi faɗa da juna a shekarun nan, har da dambe, amma ba wanda ya taɓa jifan ka da wannan magana. Da aka zo haɗa takardun bakaloreya aka buƙaci shaidu biyu su sa hannu a bayan hotonka. Ni da Salamatu muka sa hannu cewa wannan fuskar ta Badamasi Gaji ce. Mun san ƙarya muka yi, kuma da za a maimaita da mun sake yi.

Ka ce mana in ka samu takarda za ka je kotu da ƙafarka ka nemi a gyara suna, ko me za a yi maka. Amma sai ka fara zuwa Pelebina ka gai da mahaifiyarka. Hanyar da ka kama ke nan.

Da rediyo ta yi sanarwa, jama'a suka yi cincirindo a ƙofar Alhaji Gaji, suka tarar da Badamasi zaune da ransa yana cin goro. Aka ce musu kuskure ne, wani yaron gida ne ya rasu. Mutane suka yi hamdala suka watse. Mahaifiyarka Zinatu ba ta ji ba sai a kwana na uku, a bakin wata mai tallan nono. Wannan ya ƙona mini rai, kuma har yanzu yana ƙona ni.

Sakamako ya fito, sunan da kake amsawa ne na ɗaya a cikinmu. Kwana tara bayan haka manzon Alhaji ya zo rumfar mahaifina a Ganu. Mahaifina mahauci ne, kuma shanun da yake yankawa daga garken Alhaji suke fitowa. Da manzon ya tafi ya kira ni ya ce, "Salihu, gobe za a kira ka biro. Wanda ya tafi ya tafi. Ka tuna baki shi ke yanka wuya." Bai ɗago ya dube ni ba yana maganar.

Ranar Litinin 30 ga Yuli aka kira ni. Shugaban makarantar sabo ne, bayan jarrabawa aka turo shi daga kudu, malamai duk sun tafi hutu, takardunka masu hoto kuma suna can inda aka yi makin jarrabawa. Ga Badamasi tsaye da sabuwar riga da takardar haihuwarsa, ya zo karɓar shaidar cin jarrabawa, wai wanda ya rasu katinsa ya ɗauka. An riga an yi masa alkawarin aikin akawu. Ba zan zalunce shi ba, tsoronsa ya fi nawa. Ya matso ya ce a hankali, "Don Allah, ɗan'uwa. Baba ne ya aiko ni."

Shugaban ya tambaye ni da Faransanci ko wannan ɗan ajinmu ne. Lado, ba zan ɓoye maka ba, na kusa cewa e. Na tuna rumfar mahaifina, na tuna guzurin karatun jami'a da gwamnati ta ba ni, na tuna sa hannuna a bayan hotonka. Kalma ɗaya ce, kowa ya koma gida lafiya. Sai na ce a'a. Na ce wannan shi ne Badamasi Gaji, amma bai taɓa zama ajinmu ba, wanda ya zauna sunansa Lado. Shugaban ya miƙa wa Badamasi jarida ya ce ya karanta layi ɗaya. Ya riƙe ta ya kasa karantawa, hawaye na zubo masa, ni ma na kasa kallonsa.

Ga inda muke yanzu. An riƙe takardarka, kuma an gaya mana mai yiwuwa a soke ta. An dakatar da guzurin karatuna da na Salamatu sai an gama bincike. Mako biyu ke nan mahaifina bai yanka ko akuya ba, kuma gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Ban sani ba ko na kyauta maka. Da na yi shiru, da takardarka tana nan a duniya, ko da a hannun wani. Na buɗe baki, ga shi tana shirin zama babu. Ina ta juya wannan a raina ban samu amsa ba.

Juma'ar da ta wuce muka hau mota mu duka muka je Pelebina. Muka sami Inna Zinatu a ƙofar bukkarta, ba tabarmar zaman makoki, ba kowa sai ƙanwarta. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da batun soke takarda, ina jiran ta yi mini Allah ya isa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Takarda tasu ce, su riƙe abinsu. Autana ne, amma shekara goma sha uku in na shiga Jugu ba ni da ikon kiran sunansa a gaban mutane. 'Ya'yana, ku faɗa mini da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Wa ya zo na ɗaya?"

Mu ashirin da biyu muka haɗa baki muka ce Lado. Ta ce mu sake, muka sake. Sai a lokacin ta yi kuka.

Allah Ya jiƙanka, Lado ɗan Dogo. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka tambaya, Ya haɗa ka da mahaifinka a Aljanna Firdausi. Allah Ya jiƙan mutum ukun da kuka tafi tare, Ya ba iyalansu haƙuri. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Inna Zinatu da 'yan'uwanka na Pelebina, Allah Ya ba su juriyar wannan rashi. Mu kuma da ka bari, Allah Ya yafe mana ƙaryar da muka yi dominka, Ya ba mu ƙarfin ɗaukar abin da gaskiyar za ta jawo, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Salihu Ibrahimu, a madadin ajin ƙarshe
Ganu, Paraku, Agusta 1973